Dan Allah a daina ce mana "ganye ne, ba ya illa" a rediyo

Assalamu alaikum Malam Edita,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka, Allah ya ƙara basira. Na rubuto ne kan filayen nan da masu maganin gargajiya ke saya a tasharku, musamman na bayan isha'i. Ba wai ina so a toshe musu hanyar abinci ba ne, a'a, mu da jiƙo da sassaƙe aka raine mu kuma har gobe akwai masu sana'ar nan na gado da nake ganin girmansu. Magana ɗaya ce ke damuna wadda kusan kowannensu sai ya maimaita ta, wai "ɗan itace ne, ganye ne, ko bai yi maka magani ba ba zai cutar da kai ba". Malam wannan maganar ba gaskiya ba ce, kuma duk tsohon maharbi ko makiyayi ya san ba gaskiya ba ce.

To in ganye ba ya illa da me kakanninmu ke dafa kibiya? Ai da kwankwani ne, itacen nan mai yaɗo yana hawa bishiya, furensa da wasu dogayen zare-zare suna reto. 'Ya'yansa ake haɗawa a dafin, in kibiya ta samu dabba zuciyarta ce ke tsayawa. Kuma dangin wannan kwankwanin ne wani likita John Kirk da ya bi Baturen nan mai yawon bincike David Livingstone yawon kogin Zambezi ya ɗauka ya kai Birtaniya, daga baya Thomas Fraser a Edinbara ya tace sinadarinsa har ya zama maganin ciwon zuciya da likitocin Turai suka daɗe suna bayarwa. Dangin itace ɗaya fa. Bambancin kawai shi likita yana auna ɗan mitsitsi ne a sikeli, shi kuwa maharbi lafta shi yake yi.

Wanda ya fi ci min tuwo a ƙwarya shi ne zaƙami, don shi yana nan a kowace bola da bayan gari, da farin furensa mai kama da kakaki da 'ya'yansa masu ƙaya. Matasa sun mai da shi abin wasa, a zuba a zoɓo ko kunu a wajen biki wai a ga yadda wane zai yi, wasu kuma su sha da kansu don neman caji tunda ba a saye. Wanda ya sha za ka ga bakinsa ya bushe ƙamas, ƙwayar idonsa ta buɗe, jiki ya yi zafi ba gumi, zuciya na gudu, fitsari ya ƙi fita, yana kama abin da babu yana magana da mutanen da ba sa wajen, in ya farfaɗo kuma galibi ba ya tuna komai, wannan fa in ya farfaɗo kenan. Abin da yaran nan ba su gane ba shi ne ƙarfin zaƙami ba ɗaya ba ne, wannan gindin daban wancan daban, na damina daban na rani daban, saboda haka abin da abokinka ya sha jiya ya kwana lafiya kai zai iya kai ka kushewa. A 2019 a yankin Karamoja na Uganda 'ya'yan irin wannan tsiron suka gauraya da garin tallafin abinci da aka raba, ɗaruruwan mutane suka kwanta, wasu suka rasu, su ba ma da niyya suka sha ba.

Amma kuma ka je asibiti ka tambayi allurar aturofin, sinadarin da ke cikinta yana cikin zaƙami. Ita ake yi wa wanda ya sha fiya-fiya ko wanda maganin feshi ya kama a gona, kuma ana ɗiga irinta a ido in likita zai duba cikin idon. Tsofaffi na banka busasshen ganyensa ga mai asma, har a Turai an taɓa sayar da sigarinsa a kantin magani kafin a samu abin shaƙa na zamani. Kenan ba wanda ya ce ba magani a jikinsa. Tambayar ita ce nawa, ga wa, kuma wa ya auna.

Ni tsohon malamin gona ne, kuma abin da na fi cin karo da shi a ƙauyuka shi ne yara da bini da zugu. Ana shinge da shi ko'ina don dabbobi ba sa ci, ruwansa kuma ana ɗiga wa a sabon yanka ya tsai da jini, to amma 'ya'yansa suna da gardi kamar gyaɗa, yara in sun tashi daga makaranta sai su fasa su ci, ba a jima ba sai amai da gudawa, wani lokacin yara biyar shida a unguwa ɗaya, uwaye su ɗauka kwalara ce ko kuma a ce iska. Shekarun baya da aka yi ta yayin za a yi man dizal da shi an ƙara shuka shi sosai, aka bar yayin, itacen yana nan. Haka idon zakara, jan ƙwayar nan mai baƙin ɗigo da ke yaɗo a jikin shinge, ganyensa zaƙi gare shi ana tauna shi don tari, amma ƙwayar in aka tauna ta ko aka daka, dafinta na cikin mafi muni da aka sani a tsirrai, kuma ga ta da kyau, yaro na gani zai kai baki. Zurma ma haka, mansa da aka tace ana sha a wanke ciki, dafin yana zama ne a tunkuzar, da irinsa aka kashe wani marubuci ɗan Bulgeriya Georgi Markov a Landan a 1978.

Tumfafiya kuwa ba sai na faɗa ba, kowa ya san in ruwanta ya shiga ido sai mutum ya yi kwanaki yana ganin hazo. Duk da haka Fulani na murza ganyenta kaɗan a madara ta daskare a yi cuku, a Jamhuriyar Benin da ƙasar Yarbawa da ita ake yin wanda ake sayarwa a kasuwa. Kaɗan fa na ce, kuma sun san iya kaɗan ɗin tun daga iyayensu.

Sai furannin ado, nan ne ma nake ganin an fi sakaci don su ba a ma ɗauke su a bakin komai ba. Akwai wani da ake shukawa a makarantu da asibitoci da ƙofar gida, ganyensa sirara dogaye masu sheƙi, furensa ruwan ɗorawa kamar ƙaramar ƙararrawa, 'ya'yansa kore da ƙwallo mai tauri a ciki, in ka karya reshe farin ruwa ya fito. Asalinsa daga yankin Meziko da Amurka ta Tsakiya yake, ana son shi don ba ya jin fari kuma awaki ba sa taɓa shi, to me ya sa awakin ba sa taɓa shi? A Siri Lanka ƙwallon nan ya zama babbar masifa, asibitocinsu sun sha karɓar dubban mutanen da suka ci, don yana rikita bugun zuciya ne kai tsaye. Ɗan'uwansa mai fure ruwan hoda da ake jerawa a tsakiyar titi shi ma haka yake tun daga ganye har saiwa. Ƙariya ma da muka sani a daji ana kashe kifi da ita, yanzu ta dawo tukunya ana sayar da ita da tsada a bakin titi a Kano da Abuja. Ban ce a sare su ba, amma a firamare da wajen rainon yara? Haba. Ga zogale ga lalle ga gwanda.

Akwai wani ƙaramin fure mai kunne biyar, fari ko ruwan hoda, asalinsa daga Madagaska, yana fitowa ko a tsagar siminti. Mutane a ƙasashe da dama na dafa shi su sha wai don ciwon suga, har yanzu ina jin masu ba da wannan shawarar a Facebook da WhatsApp. Wasu masana biyu a Kanada, Robert Noble da Charles Beer, sun gwada shi a shekarun 1950 don su ga gaskiyar maganar sugan, ba su ga abin kirki ba, sai dai suka lura yana karya fararen ƙwayoyin jini na dabbobin gwajin, daga nan aka bi diddigi aka fitar da magungunan daji guda biyu, binbilastin da binkiristin, na biyun har yau ana yi wa yara masu sankarar jini da masu dajin nan da ke kumbura muƙamuƙi. Sai an tara ɗaruruwan kilo na ganyen kafin a samu giram ɗaya, kuma ta jijiya ake ba da shi ƙarƙashin idon likita. Wanda ya dafa shi a tukunya bai samu maganin daji ba, sugan ma ba tabbas, ya dai bar ƙwayoyinsa na asibiti.

Abin da nake roƙo Malam Edita ba mai yawa ba ne. Duk wanda zai sayi fili ya tallata magani a tambaye shi lambar NAFDAC da takardar izinin talla, don doka ta ce sai da ita, kuma mai gabatarwa ya riƙa faɗa wa jama'a cewa lambar da ke ƙarewa da harafin L ba shaida ba ce ta cewa maganin na warkar da cututtuka ashirin ɗin da aka lissafa. In mai magani ya ce ba ya illa, a tambaye shi a iska mene ne a ciki, cokali nawa, mai ciki fa, mai ciwon ƙoda fa, yaro ɗan shekara biyu fa. Na gari zai amsa, na ma san wasu da da kansu za su ce maka kaza ba a ba mai juna biyu. Wanda ya ce sirri ne to ya riƙe sirrinsa ku ma ku riƙe filinku.

Sannan ku ware ko minti goma sha biyar ne a mako, a kawo likita ko mai haɗa magani daga asibitin koyarwa a zaunar da shi da wani dattijo cikin masu maganin gado da wani maharbi, a ɗauki itace ɗaya a yi bayaninsa da sunan da muka san shi, a sa hotonsa a shafinku. Kuma dan Allah a nanata wa iyaye mata, in yaro ya ci irin waɗannan a bar ɗura masa manja ko madara ko sa masa yatsa a maƙogwaro, yana iya shaƙewa abin ya faɗa huhu. A tsinko reshen ko 'ya'yan da ya ci a ƙulle a leda a tafi da shi asibiti a lokacin, ko da yaron na wasansa, don mai ruwan ɗorawan nan da idon zakara sukan ɗau sa'o'i kafin su nuna. In za a fara shirin ina ba da shawara a fara da zaƙami kafin bukukuwan bayan kaka su kankama.

Na gode, a huta lafiya.

Mai sauraronku a kullum,
daga Funtuwa, Jihar Katsina