Zuwa ga Babana a Winifeg, Kanada

Assalamu alaikum, Babana.

Ina fata kana lafiya. Ya aiki, ya sanyi? Mu nan Mabera sai godiyar Allah. Hunturu ya shigo da ƙarfinsa, da safe hazo ba ya barin a hango ƙarshen layinmu. Ƙafar Innarka ta yi sauƙi. Kuɗin da ka turo sun iso, an gyara rufin ɗakin baya, Allah ya yi maka albarka.

Na zaɓi in rubuta ne don na san in muka hau waya, "to Baba, to Baba" za ka yi ta yi har a kashe, ba abin da ya shiga kunnenka.

Labari ya iso mini. Kada ka kira Hauwa'u da faɗa, ba ƙararka ta kawo ba. Tana madafa tana ba Innarka labari suna dariya, ni ina alwala a bakin rariya na ji. Wai mota ta ƙwace maka cikin dare a hanyar Burandon, ta sulale ramin gefen titi, dusar ƙanƙara ta kai mata har ƙofa. Ka kira masu janwe suka ce sai ka jira. Wai sai ka bar inji a kunne, ka ƙure hita, ka kwantar da kujera, ka yi barcinka awa uku, sai ƙwanƙwasa gilashi ka ji. Innarka ce ta leƙo ta ga fuskata, ta ce, "Malam, mi yas same ka?" Ban iya ba ta amsa ba. Butar ma a nan na bar ta.

Zan zo kan barcin nan. Bari in fara da motar tukuna, in samu zuciyata ta kwanta.

Na san abin da za ka ce, Baba bai taɓa ganin dusar ƙanƙara ba sai a waya. Gaskiya ne. Sanyin da na sani shi ne wanda muke hura wuta a bakin tasha muna ƙorafi, alhali ku a Janairu digiri 30 ƙasa da sifili ba abin ba da labari ba ne. Amma shekara 31 na yi riƙe da sitiyari, daga Sakkwato in bi Jega, Yawuri, Kwantagora har Legas da lodin albasa, kuma da kuɗin nan kuka yi karatu. Na ga yadda tirela ke rawa idan ruwan farko ya sauka kan kwaltar da ta sha baƙin mai wata bakwai. Ban kuma zauna kan jahilcina ba. Akwai wani malamin jami'a da ke salla a masallacinmu, ya yi shekaru a Kanada. Kwana uku ina tare shi bayan la'asar da littafi da biro kamar ɗan firamare. Ka ga abin da ka ja mini da furfurata.

Hoton motar da ka turo, na sa Hauwa'u ta buɗa mini shi daidai wurin taya. Tayoyin da ka saye ta da su ne har yanzu, ba sai ka faɗa mini ba. Malamin ya ce robar taya ta gama-gari tana fara taurara da zarar sanyi ya sauka ƙasa da digiri 7, ta koma kamar busasshiyar fata, ba ta kama titi. Tayar hunturu robarta daban ce, tana zama da laushinta, ga ƙananan tsage-tsage masu cizon ƙanƙara. Alamarta na gefe, hoton dutse mai kai uku da ɗan furen ƙanƙara a cikinsa. Huɗu ake sawa. Kada ka yi tsumulmular 'yan tasha, a sa sabbi gaba a bar suɗaɗɗu baya, don bayan motar ne zai juyo ya wuce gabanta. A lardin Kwibek doka ce daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris. Naku lardin bai tilasta ba, har bashi ake bayarwa don sayensu, sai dai da ruwa a ciki, don haka ban ce ka ci ba. Ka riƙe abin da kake turo mana na wata biyu ka saya. Gero na nan a ɗaki, ba za mu mutu ba. Ka kuma riƙa auna iska, sanyi na rage ta ko da babu faci.

Nan mun saba, inji ya yi zafi a tsaya a roƙi ruwan rijiya a ɗura a lagireto. Can kada ka kuskura. Ruwa in ya daskare kumbura yake yi, ka ga gorar da aka manta a firiza yadda take fashewa, haka zai tsaga maka inji. Ruwan da ba ya daskarewa ake zubawa. Na wanke gilashi ma ka nemi wanda aka rubuta yana jure 40 ƙasa da sifili. Baƙin mai mai kaurin nan da muke so, 20W-50, can zai koma kamar man shanu a hunturu, sai ka duba littafin motar ka bi abin da ya ce, 5W-30 ne ko 0W-20. A gwada maka batir, sanyi na cinye ƙarfinsa daidai lokacin da inji ya fi nauyin tashi. Wayar nan da ke leƙowa ta hancin motar, na ɗauka wani abu ne ya tsinke, ashe ta ɗumama inji ce. To ka riƙa jona ta. Tanki kuma kada ya sauka ƙasa da rabi. Na san halinka, tun kana ɗaukar babur ɗina a rizab kake dawo mini da shi.

A kan titi, ka ji tsoron siririyar ƙanƙarar da ba a gani, wadda kwalta ke zama kamar jiƙewa kawai ta yi. Gada ta fi saurin daskarewa don iska na bin ta sama da ƙasa. Tsayawa a kan ƙanƙara na iya cin ninki goma na abin da ka saba, don haka ka bar tazara har na bayanka ya ji haushi. Totur, birki, sitiyari, duk ka taɓa su kamar kana ɗauke da ƙwaryar nono cike. In ka taka birki ka ji yana kakkarwa ƙarƙashin ƙafarka, kada ka ɗaga, aikinsa yake yi. Mu da muka koya a tsofaffin motoci dannawa muke muna saki, taka ba haka take ba. In baya ta ƙwace, ɗaga ƙafa daga totur, ka kalli inda kake so ka bi, hannu ido yake bi. Abin nan mai riƙe wa mota gudu da kanta, kashe shi har bazara. Kafin ka fita ka duba 511, inda ake ba da labarin halin da hanya ke ciki. Daga Winifeg zuwa Burandon kilomita 200 ne da 'yan kai, kamar nan zuwa Gusau, amma mu muna da Shuni da Dange da Tureta da Mafara, ko'ina ga mai shayi ga mai faci. Ku fili ne fetal, iska na kwasar dusa tana rufe ido. In an ce hanya ba kyau, ka zauna gida, ko me mai aikin zai ce.

Duk wannan da na rubuta, in ka manta rabi zan yafe. Barcin nan ne ba zan yafe ba.

Ba mu taɓa zama mun yi maganar ɗakin Baffanka ba. Kana aji biyu, aka kai ku gidan Hajiya aka ce ku kwana can. Ni na ɓalla ƙofar. Janareta na lungun baranda, ya shigo da shi don ɓarayi, mai ya ƙare ya mutu da kansa. Kofin shayinsa na gefen katifa, ya sha rabi. Yana kwance da hannu ƙarƙashin kunci yadda yake kwanciya tun muna yara. Matarsa tana rungume da jaririyar. Ba wanda ya yi ko yunƙurin tashi. Na taɓa ƙafarsa ina kiran sunansa, ina cewa rana ta yi.

Hayaƙin nan shi ne dai wanda ke fita ta salansar motarka. Gubar cikinsa, wadda likitoci ke kira kabon monoksaid, ba ta da launi ba ta da wari. Jini ya fi kama ta sau 200 da wani abu a kan iskar da muke rayuwa da ita. Idan dusa ta toshe bakin salansa, hayaƙin ba shi da mafita sai ya bi ƙarƙashin mota ya shigo ciki, kuma cikin mintoci kaɗan yake isa ya yi kisa. Abin da mutum ke ji shi ne ɗan ciwon kai, jiri, kasala, sai barci mai daɗi. Kai kuma ka ce barci ka yi. Motarka na cikin rami, dusa har ƙofa, gilashi a rufe. Ka fita ka duba salansar ko sau ɗaya? Ba ka fita ba. Da ka fita da ka faɗa wa ƙanwarka, tunda labarin jarumta kake bayarwa.

Wane irin sakarci ne wannan, da iliminka da digirinka? Ka san ban so tafiyar nan ba. Da na amince, na sayar da filin Arkilla, mutane sun yi ta magana, ban kula ba, kuma har gobe ban yi nadama ba. Amma ban sayar da shi don wani ɗan sanda ya ƙwanƙwasa gilashi ya ji shiru ba. Ka ce na cika tsanani, tun kuna yara nake hana ku kwana kusa da gawayi a ɗaki, nake tashi tsakar dare in zaga in ga inda aka ajiye janareta. Kuna ganin fitina ce. To yanzu ka san dalili.

Ban kuma ce ka bar mota ka kama tafiya a ƙasa ba, wannan ma halaka ce. A Janairun 2022 iyali guda, mutum huɗu 'yan Indiya, sun daskare a fili a lardinku kusa da kan iyakar Amurka. A Disambar 2022 ɗin guguwar dusa ta kashe mutum fiye da 40 a yankin Bafalo na Amurka, wasu a cikin motocinsu aka same su. In ka maƙale, ka zauna da motar, ka kira 911, lambar agajin gaggawa, in abin ya yi tsanani. Ka fita da shebur ka share bayan motar har ka ga bakin salansa da idonka. Ka tada inji kamar minti goma a kowace awa, ka sauke gilashi kaɗan ta gefen da iska ba ta bugowa, sannan ka kashe. Kafin ka sake tadawa ka sake fita ka duba, don dusa na dawowa. Ka riƙa motsa hannu da ƙafa, ka yi ta tasbihi da ƙarfi in barci na fizgarka. Kada idonka ya rufe inji na aiki.

Babana, ka yi haƙuri da zafin maganata. Sunan mahaifina gare ka, ko ɗaga maka murya nauyi yake yi mini. Tun ranar nake farkawa ƙarfe uku, in lissafa awa nawa ne a wurinku, in ce yanzu ko yana hanya. Allah ya tsare ka a wannan daren, shi ya tsare, amma ɗaure raƙumi aka ce kafin tawakkali.

Ga abin da nake so kafin Juma'a mai zuwa. Ka turo hoton gefen taya in ga dutsen nan mai kai uku, huɗu duka, ɗaya bayan ɗaya, kada ka ɗauki guda sau huɗu. Ka buɗe but ka ɗauka in ga shebur, bargo mai kauri, tocila, wayar tada batir, abin kankare gilashi, da ɗan buhun yashi na zubawa ƙarƙashin taya. Dabinon da muka ba ka in da saura, ka ajiye shi a motar.

Innarka na gaishe ka. Ban faɗa mata abin da na rubuta a nan ba, kai ma kada ka faɗa. Ta haɗa maka yaji da kuka, muna jiran mai tafiya.

Mahaifinka.