A Naɗi Shaidar Waɗanda Suka Ga Rabuwar Indiya Tun Suna Raye

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a jaridarka domin in ja hankalin masana tarihinmu, musamman na Gidan Arewa, cibiyar binciken tarihi da ke nan Kaduna, zuwa ga wani aiki da 'yan asalin Indiya da Pakistan mazauna ƙetare suka duƙufa a kai, wato tattara labarin rabuwar ƙasarsu daga bakin dattawan da abin ya faru a kan idonsu.

A watan Agustan 1947 ne Turawan Ingila suka bar Indiya bayan sun tsaga ta gida biyu, Pakistan mai rinjayen Musulmi da Indiya mai rinjayen mabiya addinin Hindu. Lauyan da aka ɗora wa zana iyakar, Cyril Radcliffe, bai taɓa taka ƙasar ba kafin wannan aiki, kuma makonni biyar kacal ya samu. Ba a bayyana inda layin ya bi ba sai ranar 17 ga watan, bayan an riga an yi bikin 'yancin kai, ta yadda wasu garuruwan Punjab da Bengal, lardunan da iyakar ta ratsa, suka wayi gari ba su san ƙasar da suke ciki ba. Mutum kusan miliyan 15 suka yi ƙaura, jiragen ƙasa suna isa Lahore ta Pakistan da Amritsar ta Indiya maƙare da gawarwaki, an kuma sace mata dubbai daga kowane ɓangare. Ƙiyasin waɗanda suka mutu ya kama daga 200,000 har zuwa miliyan 2, kuma wannan tazara kaɗai ta isa ta nuna cewa ba wanda ya tsaya ya ƙirga talaka.

Takardun hukuma sun adana abin da Nehru jagoran Indiya da Jinnah jagoran Pakistan da Mountbatten gwamnan Turawa na ƙarshe suka faɗa, amma ba su adana labarin maƙwabcin da ya ɓoye iyalin wani addini a ɗakinsa ba, balle na uwar da ta kai tsufa ba ta ƙara ambaton garinsu ba. Sai da aka shafe fiye da shekara 60 kafin Guneeta Singh Bhalla, wata masaniyar kimiyya a Amurka wadda kakarta ta gudo daga Lahore, ta kafa taskar 1947 Partition Archive a Berkeley, wadda yanzu ta naɗi shaidar mutum sama da 10,000. Gidan tarihin rabuwar da ke Amritsar kuwa sai a 2017 aka buɗe shi. Aiki ne abin yabo, sai dai an makara, domin akasarin waɗanda suka riski abin da hankalinsu sun riga sun kwanta dama, yaron da yake ɗan shekara goma a lokacin kuma yau ya doshi casa'in.

Mu ma wannan batu ya shafe mu. Duk wanda ya yi sakandare a Arewa a shekarun 1970 da 1980 yana tuna malaman lissafi da kimiyya 'yan Indiya da Pakistan, waɗanda tsaransu ne suka taso cikin wannan ƙaura, kuma har yau akwai iyalan 'yan kasuwarsu a tsakaninmu. Ya kamata a nemi dattawansu a saurare su, domin rayuwarsu a nan ta zama wani yanki na tarihin Arewa.

Sannan ga namu tabon. Rikice-rikicen 2000 da 2002 da 2011 sun mayar da Kogin Kaduna iyaka, inda iyalai suka sayar da gidajensu da araha suka ƙetare gada zuwa cikin 'yan addininsu. Na san wasu za su ce wannan fama tsohon miki ne, amma yaranmu suna jin labarin ko an rubuta ko ba a rubuta ba, kuma daga ɓangare ɗaya kawai suke jin sa.

Shawarata ita ce Gidan Arewa ya haɗa hannu da sassan tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello da Jami'ar Jihar Kaduna a horar da ɗalibai yadda ake irin wannan hira, da wayar hannu ma ta wadatar, bisa sharaɗin neman yardar mai magana, da sakaya sunansa idan ya buƙata, da naɗar Musulmi da Kirista daidai wa daida. A fara da mafiya tsufa.

Wassalam,
Wani malamin makaranta mai ritaya,
Unguwar Rimi, Kaduna.