A Haɗa Mota Ɗaya Wajen Kwashe Dagwalon Masana'antu, Amma a San Yadda Za a Raba Kuɗin

Assalamu alaikum, Edita.

Muna roƙon ɗan fili a jaridarka mai farin jini domin jan hankalin masu kamfanonin jima a Challawa, Sharaɗa da Bompai da ke Kano, da hukumomin da ke sa musu ido.

Tun bayan gubar da aka jibge daga Italiya a garin Koko, a Jihar Delta ta yanzu, a 1988, dokar ƙasar nan ta tanadi hukunci har na ɗaurin rai da rai ga mai zubar da shara mai guba, ga kuma NESREA, hukumar tarayya mai tabbatar da bin dokokin muhalli, da aka kafa a 2007. Duk da haka, wanda ya tsaya bakin rafin Getsi da ke kwaso ruwan Bompai ya zuba a Jakara zai ga launin ruwan, ya kuma ga manoman rani na ba latas da kabeji shi. Ba ko'ina ne mugunta ke sa a zubar da dagwalon a rafi ba. Ƙaramin kamfani ba ya tara taɓon kurom (sinadarin da ake jeme fata da shi) da zai cika tifa a mako, kuma shatar mota guda a kan rabin lodi hasara ce. Haɗa kai a ɗauki mota ɗaya shi ne mafita, kowa ya san haka. Inda ake watsewa shi ne wajen rabon kuɗin.

Dagwalo ba naman watanda ba ne, da za a kasa daidai kowa ya biya daidai. Ga misali, alƙaluman na kwatance ne kawai. A ce kowa shi kaɗai, na Challawa zai biya naira dubu 300, na Sharaɗa 240, na Bompai 360. In Challawa da Sharaɗa suka haɗa, da yake hanyarsu ɗaya, 360 ne. Challawa da Bompai 540, Sharaɗa da Bompai 480. Su ukun a mota ɗaya kuwa 600. To, in aka ce kowa ya kawo 200, na Challawa da na Sharaɗa sun biya 400 ke nan a kan abin da za su iya yi su biyu da 360. Ba za a yi wata biyu ba za su janye, a bar na Bompai da 360 ɗinsa, shi kuma idonsa ya koma kan magudanar ruwa.

Akwai reshen lissafi da ake kira ka'idar wasa, mai nazarin abin da ke sa masu buƙatu daban-daban su zauna tare ko su rabu. A 1953 wani Ba'amurke, Lloyd Shapley, wanda ya samu kyautar Nobel a 2012, ya fitar da hanyar rabo: kowa ya biya abin da shigarsa ta ƙara wa tafiyar. Da yake abin da mutum ya ƙara ya danganta da su wa ya tarar, sai a jera duk hanyoyin da za a iya shigowa, a nan shida ne, a ɗauki matsakaici. Na Sharaɗa in shi ne farko, sau biyu, 240 ne. In ya biyo bayan Challawa ya ƙara 60, bayan Bompai 120, in shi ne na ƙarshe, sau biyu, 60. Jimilla 780, a raba shida, 130. Haka na Challawa zai tashi a 190, na Bompai 280. An cike 600, kowa ya samu sauƙi, kuma babu biyun da za su fice su ci riba. Wannan gwajin na ƙarshe dole a riƙa yin sa duk lokacin da wani ya shigo ko dizal ya tashi, don lissafin ba kullum yake tsallake shi ba. In kamfanoni sun kai biyar jerin ya zama 120, aikin kwamfuta ne na ɗan lokaci.

Lissafin ba zai ci ba sai alƙaluman gaskiya ne. Kowa zai so ya rage kuɗin da ya ce zai biya shi kaɗai, don kasonsa ya sauka. Saboda haka kada a karɓi maganar baki: a tsayar da farashin kilomita da na tan a rubuce, a hau sikelin mota kafin lodi da bayansa. Taɓon da ba a shanya ba galibin nauyinsa ruwa ne, kuma shi ke ɗiga a kwalta. Wanda ya kawo shi jiƙe ya ɗauki kuɗin nauyinsa.

Sannan ba kowace shara ake gwamawa ba. Ruwan cire gashi mai salfaid in ya gamu da ruwan asid na tsima fata, iskar haidirojin salfaid ke tashi. Warinta na ruɓaɓɓen ƙwai ne, amma in ta yi yawa hanci ya daina jin ta, kuma tana kashe mutum cikin mintuna. Irin waɗannan biyun kada a lissafa musu rangwamen haɗuwa ko kaɗan, kowanne da durominsa a rufe da tambari. Taɓon kurom kuma ba a ƙona shi, don zafi na iya mayar da shi nau'in da ke jawo ciwon daji. Motar da ta ɗauko daga Bompai ta zagaya ta bayan gari, kada ta ratsa cunkoson Sabon Gari. Ƙarin man zagayen a sa shi cikin lissafi tun farko, in ba haka ba direba zai yanke hanya.

Roƙonmu ga Ma'aikatar Muhalli ta Jihar Kano da NESREA shi ne su bayyana wuraren da aka amince a kai irin wannan shara, su kuma wajabta takardar rakiya mai kwafi uku: na kamfani, na direba, na mai karɓa. Kada a biya direba cikon kuɗinsa sai ya dawo da kwafin da mai karɓa ya buga wa hatimi, da nauyin da ya yi daidai da wanda aka ɗora.

Wassalam.

Daga wasu ma'aikatan kula da dagwalon masana'antu,
Sharaɗa, Kano.