Takardar Koke Zuwa Ga Mai Martaba Lamiɗon Marwa Kan Datse Bishiyoyin Gari

Assalamu alaikum. Allah ya ja zamanin Mai Martaba, ya ƙara lafiya da nisan kwana.

Mu ne masu datse bishiya da masu injin zarto na Domayo, Kakatare, Funange da Dugoy. Kukanmu a kan darbejiya da maɗacin da ke bakin titunan Marwa ne, waɗanda su ne laimar talaka idan zafin Afrilu ya haura digiri 40. Tun da aka farfaɗo da shirin dashen itatuwa na gwamnati, Sahel Vert, a 2008 ake dasa sababbi a bayan gari, amma manyan da muka gada a cikin gari mugun sara na cinye su.

Ranka ya daɗe, ga yadda ɓarnar take. Mai gida ya ga hadari ya fara haɗowa a watan Mayu, tsoro ya kama shi, sai ya kira yaro da gatari a gundule kan bishiyar gaba ɗaya. Ruwa ya kwanta a kututturen, ruɓa ta shiga, gara ta biyo baya. Tohon da zai fito a gefen saran a ɓawo kawai yake maƙale, ba shi da gindi a cikin itacen. Bayan 'yan shekaru ya yi nauyi, iskar farkon damina ta ɓalle shi a kan rufin kwano ko kan mai babur. Saran da aka yi don gudun haɗari shi ke jawo shi.

Reshe mai nauyi yanka uku ake masa. Na farko daga ƙasa, kamar santimita 30 daga jikin bishiya, a ci kashi ɗaya cikin uku na kaurinsa. Na biyu daga sama, ɗan gaba da na farko, reshen ya faɗi bai yage ɓawo ba. Na uku a cire guntun daidai bakin kumburin da ke gindin reshe, kada a taɓa kumburin, domin daga nan ne bishiya ke rufe ciwonta. Kada a cire fiye da kwata na ganye a shekara guda. Maɗaci kuma, masu ɗibar ɓawonsa don magani suna zagaye shi da wuƙa. In zoben ya haɗe, bishiyar ta mutu. A tsaga siririn layi a tsaye, ta gefe ɗaya.

Batun hawa ya fi damun mu. Samari na hawa ba takalmi, da igiyar leda ta kasuwa wadda rana ta riga ta cinye, wasu ma ba igiyar. Mai hawa yana bukatar igiyar hawa ta gaske mai kaurin milimita 11 zuwa 13, ɗamarar da ke riƙe ƙugu da cinyoyi, ƙugiyoyi masu kulle, da hular kwano. In zai yi yanka a sama ya ɗaure a wuri biyu, ko zarto ya ci ɗaya, ɗaya na riƙe da shi. Igiyar sauke reshe daban, ta mutum daban.

Injin zarto kuwa, cakuɗin mai ba daidai ba na kashe shi. Daidai shi ne: mililita 100 na man injin babur mai hayaƙi a lita 5 ta fetur, a auna, ba da ido ba. Baƙin mai da aka juye daga mota ba man sarƙa ba ne, yana lalata famfon mai. A hunturu a kaɗe matatar iska kullum, in ƙura ta toshe ta injin ya rasa ƙarfi. Sarƙa mai kaifi tana fitar da ɓarɓashi manya; in ta koma fitar da gari, a tsaya a wasa ta. Kuma kada a yi yanka da saman bakin sandar da sarƙa ke zagayawa, nan ne inji ke tsalle ya dawo wa mutum fuska.

Abin da muke roƙo, Allah ya taimake ka: a umarci lawanai da jauro kada a sare ko a gundule bishiyar bakin titi sai da saninsu. A riƙa datsa tsakanin Disamba da Fabrairu kawai, ban da reshen da ya tsage. Fada ta sa baki wajen magajin gari a samar da kayan hawa, ko da saiti biyu ne a kowace gunduma, a ajiye da littafin aro. Reshen da bai kai mita 3 da wayar lantarki ba, kada kowa ya taɓa sai ma'aikatan wuta sun ɗauke wutar. Mu kuma a shirye muke mu koyar da samari kyauta a duk filin da fada ta zaɓa, a kuma ba wanda ya ƙware shaida a takarda.

Muna jiran umarnin Mai Martaba. Allah ya ja zamani.

Mu ne talakawanka,
Masu datse bishiya da masu injin zarto na garin Marwa.