Malam, An Ce Ba Ni Da Rabo A Watan Azumi

Assalamu alaikum Malam, barka da shan ruwa, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Don Allah a sakaya sunana.

Ni matar aure ce, ina fama da ciwon suga, allurar insulin nake yi safe da dare. Jiya bayan la'asar uwar mijina ta faɗo ɗakina ba sallama ta tarar ina shan ruwa, labule a sake fa, ba a tsakar gida ba. Ta koma wurin 'ya'yanta mata ta ɗaga murya, wai ɗanta ya auro mai cin azumi, wai ni Ramadan sai dai in ji labarinsa a bakin mutane. Suka yi ta dariya. Ban tanka ba, tunda ta haifi mijina.

Ba da son raina na ajiye azumi ba, Allah shi ne shaida. Tun kafin in balaga nake azumi, har na Litinin da Alhamis. Bara ma na ɗauka, likita ya ce muddin na'urar gwaji ta nuna suga ya sauka ƙasa da 70 in karya nan take, ko da saura kaɗan rana ta faɗi. Wata rana jikina ya hau rawa, gumi ya keto min, idona ya rufe, sai farkawa na yi a gadon asibiti. Ita Hajiyar tana nan aka fita da ni, da idonta ta gani. Bana da na koma awo sai ya ce kada ma in fara, ga allura ga juna biyu. Cikin ma ba ta sani ba tukuna, shi mijin ne ya ce mu bari ya yi ƙwari.

Ni ba malama ba ce, amma na yi Islamiyya daidai gwargwado. An karantar da mu cewa a shekara ta 2 bayan Hijira aka wajabta azumin nan, kuma aya ta 183 a Suratul Baƙara ta faɗi dalilinsa, wato don mu samu taƙawa. Ayar da ke biye ta yi wa marar lafiya da matafiyi rangwame su rama daga baya, ta 185 kuma ta ce sauƙi Allah yake nufi da mu, ba tsanani ba. To Allah da ya halicce ni ya ɗauke min, sai mutum ne zai ce bai yarda ba? Su da suke azumin, daga hantsi har kiran magariba naman mutane ake ci a ɗakin nan, ba wanda aka bari, daga maƙwabta har surukai. Ai akwai hadisi a Bukhari cewa wanda bai bar faɗin ƙarya da aiki da ita ba, Allah ba ya bukatar ya bar ci da shansa. Kuma an ce mai azumi ko zaginsa aka yi, ya ce ni mai azumi ne. Ita kuwa Hajiya da azumin a bakinta take zagi. Ni ce kuma nake tsaye a kan ƙafata ina haɗa musu abin buɗa baki, ni nake tashi dafa sahur, ko sannu babu.

Da mijina ya dawo daga asham na faɗa masa, sai cewa ya yi in yi haƙuri, tsufa ne. Kullum tsufa ne. Har da cewa wai da zan daure in gwada ko rabin yini a gabanta, da magana ta mutu. Azumin ganin ido ke nan zan yi, alhali Allah ya ce azumi nasa ne, shi zai ba da ladansa?

Amma Malam, abin da ya hana ni barci daban ne. Maganarta ta shige ni. Ina tuna ƙofar Rayyan da aka ce masu azumi kaɗai za su shiga ta cikinta, da gafarar zunubai da aka yi wa wanda ya azumci watan da imani da neman lada alkawari, da addu'ar mai azumi da ba a mayarwa. Idan aka kira magariba kowa ya miƙa hannu yana murna, ni sai in ji kamar baƙuwa a gidan biki. Na taɓa jin cewa bawa idan ya yi rashin lafiya ana rubuta masa abin da ya saba aikatawa yana da lafiya, shin azumin farilla ma ya shiga ciki? Girkin da nake yi wa masu azumi fa, ina da ladan ciyarwa ko kuwa na mai kuɗin cefane ne? Ga goman ƙarshe na tahowa, da daren da ya fi wata 1,000, zuciyata tana raya min in ɗauki ko na kwanakin mara a ɓoye, kada likita ya sani.

Sannan ciwon nan an ce ba ya warkewa, to ramuwa ce a kaina ko ciyarwa, kuma idan ciyarwa ce, ni zan fitar ko mijina? Yayata ta ce in tattara in taho gida har bayan Sallah, ni ma raina ya fi kwanta wa da hakan, sai dai na san idan na fita Hajiya ba za ta bari ya zo biko da wuri ba. Shin idan na tafi ba da izninsa ba a cikin wannan wata, ina da laifi?

Wassalam,
'Yarka mai saurare