Godiya ga Baba mai gyaran rediyo na layin 'yan lantarki, Sabon Gari

Assalamu alaikum Baba, da kai da yaran shago gaba ɗaya.

Na san ka ce kar in sa sunanka a ko'ina, kuma ban sa ba, amma godiyar nan kam sai na yi ta a bainar jama'a, don ranar da na zo ɗaukar kayana bakina ya kasa faɗin komai sai Allah ya saka da alheri da nake ta maimaitawa. Duk wanda ya saba shiga layin 'yan lantarki a Sabon Gari ya san shagon da nake nufi, wanda tsofaffin rediyoyi suke jere har rufi.

Ga waɗanda ba su san zancen ba, amfilifayar marigayi mahaifinmu ce, wato na'urar ƙara ƙarfin sauti, Dynaco ST-70, irin mai kwalaben nan da masu gyara ke ce wa bawul. A 1959 kamfanin ya fara fitar da ita, Alhaji kuma ya sayi tasa ta hannu lokacin da ya je karatu Amurka ya taho da ita gida. Wat 35 ce kowane ɓangare, na sifikar hagu da na dama, yaran yanzu za su ce ai ba ta da ƙarfi, amma duk wanda ya zauna a falon Alhaji da yamma ya ji goge na fita daga cikinta ba zai faɗi haka ba. Matsalarta ɗaya, wutar Amurka bolt 120 ce, tamu kuma 230, shi ya sa tun muna yara akwai wani baƙin sitefdawun, na'urar rage ƙarfin wuta, mai nauyin tsiya a ƙarƙashin tebur wanda ba mai taɓawa sai shi.

Bayan rasuwarsa aka kwashe kaya, amfilifaya ta zo wajena a Gwammaja, sitefdawun kuma ya bi wani kwalin ya tafi wani gidan. Rannan ina kasuwa ɗan yayana ya ga fulogi mai baki biyu, ya samo adafta ya cusa a soket, wallahi ban ga laifinsa ba, yaro ne kuma ba wanda ya taɓa gaya masa. Da fiyus na gaske ne a ciki da shi zai tsinke a huta, to ashe shekarun baya wani mai gyara ya cire fiyus ya ɗaura zaren waya a wurin, sai taransifoma ta sha wutar gaba ɗaya. Da na dawo gida ƙaurin na nan a ɗaki, na zauna a bakin gado na kasa ko cin abinci.

Wuri biyu na kai ta kafin in zo wajenka. Na farko ya ce in kai wa 'yan gwangwan su auna tagullar. Na biyu ya ce zai kwashe kayan cikin ya sa allon zamani, wai ai murya ɗaya ce, a bar kwalaben a sama don ado. Wannan maganar ta fi ƙonewar yi min ciwo.

Kai kuwa Baba ko kuɗi ba ka ambata ba ranar farko. Ka kife ta a kan tsumma, ka cire murfin ƙasa, ka sunkuya ka shinshina, sannan ka ɗauko mita. Na miƙa hannu zan nuna maka inda ya yi baƙi sai ka buge min hannu, ka ce ɗana kar ka ƙara, kondensan irin wannan, abin da ke tara caji a ciki, na iya riƙe bolt sama da 400 ko an cire ta daga wuta. Sai da ka sauke cajin ka auna ka ga sifiri sannan ka bar ni na leƙa. Can ka ɗago ka ce taransifomomin murya biyun lafiyarsu ƙalau, ta wuta ce kawai ta tafi, kuma tunda ta tafi gara a naɗa sabuwa da za ta ci wutarmu kai tsaye, a rabu da sitefdawun har abada, kar gobe wani yaron ya sake.

Abin da ya sa na san hannun gwani na faɗa shi ne maganar da ka yi kan bugun wuta. Ni a zatona lissafin ɗaya ne, wuta ta ninka, a ninka zagayen waya shikenan. Ka ce a'a, wutar Amurka sau 60 take bugawa a daƙiƙa, tamu sau 50, kuma sitefdawun bolt kawai yake ragewa ba ya taɓa wannan, shi ya sa taransifomar da aka yi don 60 take ƙara zafi a nan, ƙarfen cikinta na ɗaukar nauyin da ya fi wanda aka yi shi dominsa. Nan take na tuna yadda Alhaji ke kunna mata fanka ita kaɗai a watan Afrilu, lokacin da zafin Kano ke haura 40, mu muna ganin son kaya ne kawai. Saboda haka ka ƙara yawan faranten ƙarfen, ta ɗan fi ta da tsayi amma ta zauna daidai a ramin ta na asali, ba ka huda jikin amfilifayar ko sau ɗaya ba.

Na zo sau uku ina kallon aikin, ka yi haƙuri da ni. Na ga babban yaronka yana warware tsohon naɗin yana ƙirga zagaye yana rubutawa a bayan kwalin sabulu, in ya yi shakka ya koma baya. Na ga takardar da kuke sawa tsakanin layi da layi, da yadda aka tsoma ta a banish aka bar ta ta bushe kwana da kwanaki duk da ina ta gaggawa. Da aka gama ka auna a gabana, bolt 360 kowane gefe, 6.3 na dumama kwalabe, 5 na kwalbar GZ34 mai daidaita wuta. Ka ce in 6.3 ɗin nan ya haura sosai kwalaben EL34 guda huɗun nan ba za su yi tsawon rai ba, kuma samun irinsu na da yanzu sai an sha wuya.

Sauran ma ba ka bari ba. Tsohon kondensa ka canza, ƙaramin rektifayan nan na da, mai sa wuta ta bi hanya ɗaya, ka sa na zamani da ake ce wa dayod a madadinsa, wayar wuta ka sa mai uku da fulogi irin namu ka haɗa ta ƙasa da jikin ƙarfen don kar ta ja mutum, fiyus kuma ka sa na gaske mai rabin ƙarfin na da, tunda wuta ta ninka abin da take ja ya ragu da rabi. Duk abin da ka cire, har ƙonanniyar wayar, ka zuba a leda ka ba ni, ka ce kayan mahaifinka ne.

Ranar kunnawa ba zan manta ba. Ka fara haɗa sifiku, ka ce irin wannan ba a kunna ta babu sifika, taransifomar murya ce za ta tafi. Ka sa ƙwan fitila a kan hanyar wutar, ya yi haske ya dushe a hankali, ka gyaɗa kai. Sai kwalaben suka fara ja kamar garwashi, ka sa sukundireba kana juya bayas, abin saita wutar da kwalaben ke ja, kaɗan kaɗan har mita ta tsaya a bolt 1.56 kowane ɓangare. Da muryar ta fito na juya na kalli titi don kar yaranka su ga idona.

Kuɗin da ka karɓa bai kai wahalar ba, na ƙara maka ka mayar min, ka ce in sayi sitabilaiza mai kyau da shi tunda wutar unguwa hawa da sauka take, na saya kuma. Jiya Hajiya ta zo gidana ta zauna ta saurara har la'asar, ta ce in gaishe ka, ta sa maka albarka da kai da zuri'arka. Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana Baba, ya yi wa yaran nan albarka su gaji hannunka, ya buɗa kasuwa.

Ranar Asabar in sha Allahu zan kawo na'urar faifan da Alhaji ya zo da ita tare, wadda ya ajiye tun da can don tana jan murya, tunda ka ce ita ma bugun 50 ɗin ne ke rage mata gudu kuma ƙaramin fulin da ke kan injin juya faifan za a canza.

Ɗanka daga Gwammaja.