Kafin ka tafi Kaduna neman Kaka Mai Goro

Ɗana,

Bayan gaisuwa, mahaifiyarka ta faɗa mini kana shirin zuwa gidan adana takardun tarihi na ƙasa da ke Kaduna, neman labarin kakana da ya yi fataucin Gwanja. Na ji daɗi, Allah ya yi maka albarka. Amma ka fara zuwa Fagge wurin Goggo. Takarda za ta jira ka, ita kuwa shekaru sun ja.

Ka je da goro da turare, kada ka zaro biro tun daga zaure. Ba za ta ba ka shekara da lamba ba. Cewa za ta yi an haifi wane bayan Turawa sun ci Kano, wance kuma a yunwar Kakalaba. Kai za ka mayar da su 1903 da 1914. In ta ce kakana ya baro Salaga, babbar kasuwar ƙasar Gwanja, saboda yaƙi, to basasar 1892 ce, wadda ta watsa fatake zuwa Karachi (Kete-Krachi) da Kumasi da Ankara (Accra), duk a ƙasar Ghana ta yau. Wataƙila muna da dangi a zangon can.

Ka tambayi sunansa na yanka. Mu Mai Goro muka tashi muna ji, don matan gidan ba sa kama sunansa saboda kunya. Muhammadu kuwa sun fi a ƙirga a kowane kundi, sai ka haɗa da unguwa da sunan ubansa kafin ka ce shi ne. Kundin haraji magidanta ya sani, ba ruwansa da mata. In Allah ya sa ka dace da rajistar alƙali ta rabon gado, nan za ka ga matansa da 'ya'yansa mata, kowa da rabonta. Da Larabci take, ka nemi malami ya karanta maka. Akwai kuma Alƙur'aninsa na gafaka a ɗakina, da ajami a bangon ƙarshe.

Abu ɗaya nake jan kunnenka a kai. Kowane gida a garin nan so yake a ce daga sarauta ko malanta ya fito. Salaga kasuwar goro ce, kasuwar bayi ce kuma. In ka tarar kakarmu sayo ta aka yi, ko shi kansa ɗan dako ne a ayari ba madugu ba, rubuta haka, kada ka gyara don a ji daɗi a taron suna.

Ka biyo ta gida ranar Juma'a ka karɓi kuɗin mota.

Mahaifinka